Ɗan Farin Hadiza a Ɗakin Jarirai

Ku 'yan matan nan da kuke sauka Dubai da akwati ɗaya da dogon buri, kusan duk wadda ta zo gaishe ni a nan unguwar Hor Al Anz maganarta ɗaya ce: Inna Rakiya, ko aikin raino ne a samo mini kafin in sami na gaske. Kafin ki sami na gaske. Wato ni da na yi furfura a cikinsa wasan 'yar tsana nake yi ke nan. To ku gyara zama, yau sai kun ji abin da ke cikin aikin nan da kuka raina, in ya so gobe wadda ta ga za ta iya ta zo in kai ta.

Ni ma ba da niyyar raino na zo garin nan ba. Wata Hajiya 'yar kasuwa daga unguwarmu ta Fagge ce ta taho da ni, tana sarin turare da mayafai a kasuwar Al Ras ina biye da ita da ɗanta a baya. Da ta koma ni na tsaya, na yi aikatau a gidan wasu Larabawa, a can na tsinci ɗan Larabcin da nake karairayawa har yau. Daga nan aka yi mini hanya zuwa gidan rainon da na daɗe a cikinsa. Gidan yana hawan ƙasa na wata ma'aikatar gwamnati. Gwamnati ce ta buɗe shi saboda matan da ke aiki a benen, ita ce kuma ke ɗaukar mafi yawan nauyinsa. Uwa ta ajiye ɗanta da safe ta hau ofis, da rana ta sauko ta shayar da shi, da yamma ta ɗauki abinta su tafi gida. A waje kuwa, gidan raino mai zaman kansa sai ya lashe albashin mace tas ya kuma miƙo hannu. Shi ya sa gurbi ɗaya a wurinmu, mata har addu'a suke sawa a yi musu a kansa.

Ranar da na fara, da wata 'yar Filifin aka haɗa ni, sunanta Marilu. Gajera ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta kalle ki sai kin gyara tsayuwa. Ta kama hannuna ta juya shi, ta sa na cire zobe da awarwaro, ta miƙo mini abin yanke farce. Ta sunsuni mayafina ta ce wannan turaren ma ba zai shiga ɗakin jarirai ba. Ni Bakanuwa, a raba ni da turaren wuta. Na ce a raina ni da wurin nan ba za mu kwana biyu ba. Sannan ta ja ni gaban famfo ta koya mini wanke hannu. 'Ya'yana uku na bari a gida, ƙannen da na raina ban san iyakarsu ba, ga ni tsaye kamar 'yar firamare wata tana leƙa tsakanin yatsuna tana girgiza kai. Sai da ta sa na maimaita har fatar hannuna ta yi fari sannan ta bar ni na taɓa ɗan mutane.

Kayan aikinmu ba su da nauyi, amma kowanne da dokarsa. Safar hannu, a canja wa yaro ɗaya kunzugu a jefar, ba ta taɓa na biyu. Ma'aunin zafin jiki, a auna a goshi tun daga bakin ƙofa, in ya nuna ja ko uwar ta yi rantsuwa haƙori ne yake fito masa, gida zai koma. Kwalaben nonon da iyaye ke tatsowa, kowace da sunan mai ita a jiki. In kika yi gangancin ba ɗan wata nonon wata, ban da kora, kin ƙulla zumuncin shayarwa tsakanin gidaje biyu da ba su san juna ba, sai ki je ki yi wa malamai bayani. Jariri a rigingine ake kwantar da shi, ba matashi ba bargo. Goyo kuwa an hana, wai ba a ganin fuskar yaro. Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Yaro yana tsala ihu ina jijjiga shi a kafaɗa, bayana har ƙaiƙayi yake yi, ga zane a jikina amma ba dama. Kuma a saman kanki ga kamara, iyaye suna kallonki ta waya daga ofis.

Su iyayen ma karatu ne mai zaman kansa. Akwai wadda in ɗanta ya yi atishawa, kafin in ce masa alhamdu lillahi wayar ɗakin ta fara ƙara. Akwai wadda za ta kawo abinci kala biyar ta ce a ba shi duka, yaron da haƙori biyu gare shi. Amma abin kallo sai yamma ta yi. In matan nan suka sauko, kin rantse alhazai ne suka dawo daga Makka. Tun daga bakin ƙofa ake ware hannu, habibi, hayati, ya umri, a ɗaga yaro sama, a sumbace shi a kumatu da wuya da tafin ƙafa, alhali da azahar ɗin nan suka rabu. Da farko ni nake jin kunyar, ina sunkuyar da kai ina gyara abin da ba ya bukatar gyara. Daga baya na saba, har in wata ta shigo a sanyaye sai in tambaye ta ko lafiya.

Shekarar korona ita ce muguwar shekararmu. Aka rufe gidan, muka zauna a ɗaki mu da yawa muna kallon juna muna cin shinkafa da mai. Da aka buɗe, sai da takunkumi a baki daga safe har yamma. Ku ba ku sani ba, jariri bakin mutum yake kallo. Suka daina yi mana dariya, wasu in kin matso sai su juya kai. Dole na koyi dariya da ido da gira, ina zaro ido ina ɗaga gira kamar mai aljanu, har wani yaro ya fara ƙyalƙyalewa, na san na kama hanya. A shekarar ne Marilu ta tafi ƙasarsu ba ta dawo ba, aka bar mini ɗakin jarirai ni ce babba. Na yi kewarta ƙwarai, har faɗan nata.

To, a bayan nan ne Hadiza ta zo. 'Yar Damagaram ce, doguwa, mai sanyin magana, an ɗauke ta aikin fassara tsakanin Faransanci da Larabci a wani ofis can sama. Sabuwa ce, tana cikin watannin gwaji, ba a tabbatar da ita ba tukuna. Mijinta Laminu yana aikin kago, wato tura kayan 'yan kasuwa gida, a Al Ras. Allah ya yi mata sa'a wani yaro ya tashi daga ɗakina, aka ba ɗanta gurbin. Yaron ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Laminu ya ci, Mamman Sani. Ƙato ne mai kumatu, in ya yi dariya idanunsa ɓacewa suke yi.

Da safe za ta shigo ta gaishe ni har ƙasa, ta miƙo mini shi fuskarta tana kallon bango, ta ce Tanti ga ɗan naku. Da yamma matan nan suna ta habibi da hayati, ita za ta raɓo ta gefe, ta tambaye ni ya aiki ya gajiya, ta karɓe shi kamar saƙon da aka ba ta ta kai wa wani, ta fice. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Na ce yau ga 'yar gidan mutunci a Dubai, wadda boko da Faransanci ba su wanke mata kunya ba. Har goro na ba ta.

Ashe wata ma tana kallo. Shugabar gidan, Madam Huda, 'yar ƙasar Jodan, mace mai kirki da ta yi karatun yara ta kuma san aikinta, ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce ta daɗe tana lura da uwar Mamman Sani. Ba ta kallon ɗanta, ba ta sumbatarsa, ba ta taɓa jin ta kira sunansa ba. Rannan ma da gangan ta tambaye ta sunan, sai ta nuna mata rubutun jikin jakarsa da yatsa. Ta ce akwai ciwon da ke kama mace bayan haihuwa ya raba zuciyarta da jaririnta, ta taɓa ganinsa a wata uwa, ita Madam ta yi shiru, abin bai ƙare da kyau ba, kuma ta yi alkawari ba za ta sake yin shiru ba. Hakkinta ne ta sanar da likitan ma'aikata a ba Hadiza dogon hutu ta nemi magani.

Nan na fara lissafi. Macen da ke cikin gwaji in ta tafi dogon hutu, da wuya ta dawo ta tarar da kujerarta. In babu aiki babu gurbi a gidan raino, abin da Laminu ke samu kuma ba zai riƙe mutum uku a garin nan ba. Dama uwar Hadiza ta daɗe tana aiko da saƙo a kawo mata yaron Damagaram ta riƙe. Wato a takaice za a sa Mamman Sani a jirgi a raba shi da uwarsa, saboda uwar ta cika tarbiyya.

Na tattaro Larabcina kaf na yi wa Madam bayani. Na ce a wurinmu ɗan fari kunyarsa ake ji, uwa ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta faɗar sunansa, ballantana wannan da ya ci sunan surukinta. Na ce ni kaina babban ɗana ya kusa aure ban taɓa kiran sunansa a gaban jama'a ba. Madam ta kalle ni, na ga ta fara tunanin ko ni ma a haɗa ni da likitan. Ta ce tana girmama al'adar kowa, amma masu ciwon nan ma kowace da bayaninta mai kyau. Na ce to ta zo ta tsaya a bayan ƙofar ɗakin shayarwa da rana ta kasa kunne, ni na san irin wasan da nake jiyo Hadiza tana yi da ɗanta in na wuce. Ta ce a'a, wannan ɗakin sirrin iyaye ne, ita ba ta laɓe. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

"Rakiya, ba na son bayani," in ji ta. "So nake in gani da idona."

Ranar hutu na ɗauki mayafina na tafi ɗakinsu Hadiza, layi biyu ne tsakaninmu. Na zayyana musu komai. Laminu ya riƙe kai, Hadiza ta fara hawaye. Na ce kuka ba zai yi ba, karatu za mu yi. Na ɗauki matashin kai na sa masa hular yaron na kafa shi a kujera. Na fita waje na ƙwanƙwasa, na shigo da gudu hannu a ware, ni tsohuwa da ni, ina habibi, hayati, na sunkuci matashin na juya da shi ina sumbata. Laminu ya yi waje yana tuntsira dariya har maƙwabcinsu ɗan Pakistan ya leƙo. Hadiza kuwa ta faɗi a katifa tana riƙe ciki.

Da ta farfaɗo ta ce, "Tanti, vraiment, in na yi wannan da wane ido zan kalli mutane?"

Na ce, "'Yata, mutanen Damagaram ba sa kallon kamarar nan. Tashi ki yi."

Ta tashi ta yi. Da matashin kai ba laifi, har ta fi ni iya karya wuya. Da aka cire matashi aka zaunar da yaron, sai ta taho da kyau, tana isa gabansa ya washe mata baki, ta rufe fuska da tafin hannu ta koma da baya. Muka yi ta yi har la'asar. Sunan kuwa ta ce in yi mata rai, bakinta ba zai iya ɗaukar sunan baban Laminu ba ko da wuƙa a wuya. Na ce to ki ce Abba. Ta ce Abban ma sai in ba kowa. Na dawo gida muryata ta dushe saboda habibi.

Ranar da muka shirya, Madam tana tsaye a bayan gilashin ofishinta. Ƙofar lif ta buɗe, sai ga Hadiza ta fito hannu a ware tun daga can, tana takowa kamar soja a fareti. Na ce a raina yawwa, haka nan, ci gaba. Na ɗago mata yaron. Saura taku kaɗan, sai wani dattijo ɗan Agadas da ke kawo mana ruwan sha ya fito daga kicin da gora a kafaɗa, ya ce a'a, Hadiza, ina wuni, ya mutanen gida. Shi ke nan. Hannuwan nan suka sauka a hankali, ta durƙusa ta gaishe shi, ta juyo ta ɗan bubbuga kan yaron da yatsu kamar mai duba kankana a kasuwa. Na saci kallon Madam. Fuskarta ta nuna mini ta gane shiri ne, kuma shirin ya ƙara mata tsoro. Washegari ta gaya mini ta nemi ganin likitan a mako mai zuwa.

Kafin makon ya zo aka yi gwajin gobara. Lokaci-lokaci ana yin sa a manyan benaye, a kaɗa ƙararrawa a ga yadda mutane za su fita. Mu na gidan raino ana gaya mana tun da safe saboda kada mu firgita yara, na sama kuwa ba a gaya musu, tsofaffin ma'aikata dai sun saba. Ƙararrawa na kaɗawa muka zuba jarirai a gadon nan mai taya, muka tura su ta ƙofar baya zuwa inuwar wurin ajiye motoci. Lokacin zafi ne, kwalta har turiri take yi. Ma'aikata suka fara saukowa ta matattakala a natse, wannan da kofin shayi, wancan yana waya, mata suna gyara abaya suna hira.

Sai muka ji hayaniya daga bakin ƙofa, mutane suna darewa. Hadiza ce. Ba takalmi, mayafi yana jan ƙasa, ta ture wani babban darakta mai farar jallabiya har sai da ya dafa mota. Kuma tana ihu da muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba.

"Mamman Sani! Mamman Sani! Ina Mamman Sani?"

Ta keta kwaltar nan da gudu ta iso gadon, ta tsamo shi daga cikin 'yan'uwansa ba ta ko duba ba, ta ƙanƙame shi. Ta sunsuni wuyansa, ta duba hannu, ta duba ƙafa, tana sumbatarsa ta ko'ina tana kuka tana faɗin sunan tana ƙarawa. Abin da na wuni ina koya mata da matashin kai bai kai rabin wannan ba. Yaron kuwa ya ɗauka wasa ne, yana ta ƙyalƙyala dariya yana jan kunnenta. Ni dariya ta zo mini, hawaye ma suka zo, na rasa wanda zan fara.

Wani mai gadi ya matso a hankali ya ce mata Madam, gwaji ne, babu wuta. Ta ɗago kai. Ma'aikatar nan kaf, daga darakta har masu shara, sun tsaya suna kallonta. Wata Balarabiya tana share ido da gefen mayafi. Na ga kunyar ta taso mata tun daga wuya har goshi. Ta laluba mayafinta ta ja shi ta rufe fuska, amma yaron ba ta sake shi ba. Ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Tanti, da ƙarfi na faɗa?"

"Har mutanen garin Sharjah sun ji."

"Don girman Allah kar Laminu ya sani."

Sai a lokacin ta fara ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya, ta ce Tanti ƙafata. Muka duba, tafin ƙafar duk ya tashi, kwalta ta ƙona ta tun daga bakin ƙofa ba ta ji ba. Madam Huda da ke tsaye a bayanmu tun farko ta cire takalminta ta tura mata, ta tsaya da safa a inuwa. Ta kalle ni, idonta ya yi ja, ta ce khalas ya Rakiya, wato magana ta ƙare. Da muka koma ciki ita da kanta ta zaunar da Hadiza a kujerar ofishinta ta shafa mata magani, yaron yana kan cinyar uwarsa.

Ba a kira likita ba. Aka tabbatar da Hadiza a aikinta, ta yi kwanaki tana ɗingishi, ta gaya wa Laminu ruwan zafi ne ya zubo mata. Mamman Sani bai je Damagaram ba sai da hutu, tare da uwarsa, suka kuma dawo tare. A hannuna ya yi rarrafe, a hannuna ya yi tafiya, daga gidanmu ya wuce makaranta da 'yar jakarsa. Har ya bar wurinmu ban sake jin sunan nan a bakin Hadiza ba, Madam ma ba ta sake tambaya ba.